Guɗar Inna Tabawa

Tun da annoba ta hana 'yan kallo shiga filin jami'a, muryoyin iyayen 'yan wasa ake naɗa a saka a lasifikan da ke kan kujeru. Inna Tabawa guɗa ta bayar. Ba ta san kan ƙwallo ba, sai ta ce duk ragar da ta motsa a saki guɗar. Da damina cutar ta ɗauke ta.

Ranar wasan ƙarshe, mai kula da fili ya tari ɗanta Ɗanlami, mai tsaron raga.

"Sai haƙuri, ɗana. Gobe za a goge muryoyin waɗanda suka rasu."

Har ana shirin tashi ba wanda ya ci. Sai ga ƙwallo tana gangarowa, wadda ko yaro zai cafke. Ɗanlami ya dubi kujerar Inna.

Ya sauke hannuwansa, ya kasa kunne.