Kukan Baiti na Uku

"Baba, kai dai motsa baki," in ji mai shirya wasan, yana zare wayar makirufo. "Muryarka ta tsufa, faifai zai yi aikin."

Mawaƙin ya hau dandamali rungume da jitarsa. Waƙar rasuwar matarsa aka saka. Ranar da ya ɗauki waƙar a situdiyo, kuka ya ƙwace masa a baiti na uku. Ya roƙa a goge wurin, aka ce masa to, amma ba a goge ba.

Ga kukan nan yanzu yana fita ta lasifika, har da jan majina. Jama'a suka ɗaga wayoyi. Wata mai taunar cingam ta zunguri ƙawarta: "Yawwa, nan ne wurin!"

Mawaƙin ya rufe bakinsa ruf, ya saki tsirkiya, ya tsaya ƙiƙam ko wani zai tsargu.

Ko mutum ɗaya bai lura ba. Sai tafi da ihu: "A maimaita! A maimaita!"

Mai shirya wasan ya washe baki, ya danna maɓalli, aka sake binne masa mata.