Ranar da Baba Ya Gifta a Tele

Bayan la'asar ne, ina zaune kusa da Inna a gaban tele, wato talabijin, tana yanka albasar Tabelot. Gidan telen garinmu bai daɗe da buɗewa ba, shirinsu ma kaɗan ne: labarai da Tamashek, sannan da Hausa, sai sanarwar biki da ta rasuwa.

Ran nan suka nuno tashar manyan motoci ta Dirku, can kan hanyar Libiya. Mai ba da labari yana ta bayani, sai ga Baba ya gifta ta bayansa, jarkar ruwa a kafaɗa, da shuɗin rawaninsa. Wata bakwai rabonmu da shi.

Inna ta ajiye wuƙa, ta gyara kallabi kamar yana ganin ta. Ta matsa dab da gilashin ta ce, "Malam, ka rame."

Ya wuce bai waiwayo ba. Na tambaye ta me ya hana shi amsawa.

"Aiki yake yi, kar ka dame shi." Ta share ido da bayan hannu, ta ce albasa ce.

Daga can ya nufi Libiya, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba.

Da na girma na je gidan telen neman kaset ɗin. Wani tsohon ma'aikaci ya ce kaset ɗinsu ba yawa a lokacin, kowane mako sai su ɗora sabon shiri a kan tsoho.

Har yau in aka nuno wata tashar mota a tele, ba na sauraren mai magana. Masu giftawa ta bayansa nake bi da ido.