Hoto Ɗaya a Bakin Tafki

Ƙarfe bakwai aka ce bas zai tashi daga Deira, amma har takwas saura kwata direba yana jiran wasu mutum biyu da suka tafi neman shayi. Nasrullahi yana can kujerar baya, rungume da jibgegiyar rigar sanyin da ya aro wurin Sanda, abokin ɗakinsa a Hor Al Anz. Watan Oktoba ne fa, kuma a Dubai. Duk wanda ya kalli rigar sai ya ɗago ya kalli mai ita.

Bakinsa ne ya jawo masa. Kamfanin kayan gyaran motocin da yake yi wa aiki a Ras Al Khor ya kai manyan ma'aikata Austria, har da fitar rabin yini a bas zuwa Hallstatt, wani tsohon ƙauye da ke bakin tafki a gindin duwatsu. Shi ɗan sito ne, ko sunansa ba a ambata ba. Amma da Muhsinat ta tambaye shi ko da shi za a je, sai kawai ya ji ya ce mata ƙwarai kuwa.

Shekara guda ke nan suna soyayya ta waya. Baffanninsa sun kai gaisuwa gidansu a Kano, saura sa rana. Ita kuma tun farko ta gaya masa talauci bai dame ta ba, maƙaryaci ne ba za ta zauna da shi ba. Ga shi yanzu ta kafe sai ya turo mata hoto ɗaya a bakin tafkin.

Sanda ne ya kawo shawarar ya je Hatta, can bayan Dubai, ya ɗauki hoton. Akwai duwatsu, akwai ruwa, akwai tsohon ƙauye, tafiyar awa ɗaya da rabi ce kawai. Ya dai kauce wa bishiyar dabino.

Bas na shirin tashi wani dattijo ya zauna kusa da shi, ya yi masa sallama da Hausa tsantsa. Ran Nasrullahi ya ɓaci, don yau dai ba ranar haɗuwa da ɗan gida ba ce. Dattijon ya ce labulaye da kayan kicin ya zo saye a kasuwar Murshid Bazaar, masu kago da za su tura masa kayan gida suka ce sai gobe, shi ne ya fito buɗe ido. Daga nan sai tambaya kamar mai ƙidaya: ɗan wace unguwa ne, wane ne mahaifinsa, ina yake aiki. Da ya ji sunan mahaifin, ya gyara tabarau, ya ƙara dubansa. Sannan ya tambayi dalilin rigar. Nasrullahi ya ce mura yake yi.

A tsohon ƙauyen aka ɓata minti arba'in ana nuna musu ɗakunan ƙasa da rufin dabino. Turawa sai ɗaukar hoto suke yi. Shi da ya tashi a gidan ƙasa, wai yau kuɗi ya biya a nuna masa. Da aka iso bakin ruwa, jagora ya ce minti ashirin, khalas, wato shi ke nan.

Nasrullahi ya zura rigar, ya ja zif har wuya. Kafin ya kai bakin ruwa gumi ya jiƙa masa har singileti. Ya miƙa wa dattijon waya ya ɗauke shi hoto.

Na farko yatsa ya rufe rabinsa. Na biyu wani Balarabe ya gifta da farar jallabiya. Na uku ya fito fes, sai dai ga tutar ƙasar nan tana kaɗawa a saman kansa. Na huɗu ƙafafunsa kawai aka ɗauka.

Haƙurinsa ya ƙare. Ya ce, "Baba, don Allah ka natsu. Aurena ne a hoton nan." Da yake takaici ya riga ya buɗe masa baki, sai ya zayyane masa komai: sito, Austria, Muhsinat, rigar aro.

Dattijon ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Ɗan nan, da ka kira ta ka gaya mata gaskiya. Ni a ganina ya fi wannan gumin sauƙi."

"Ai ta yaya za ta gane? Ko Kaduna ba ta taɓa wucewa ba."

"Ka dai sake tunani."

Bai sake ba. Ya karɓe wayarsa, direba yana ta danna hon yana yalla, yalla, a zo a tafi. Ya juya wa ruwan baya, ya miƙe hannu, ya ƙaƙaro murmushi. Dattijon ya tako a hankali ya tsaya a bayansa, ya harɗe hannu. Nasrullahi ya ce masa ya ɗan gusa, tsohon nan ko gezau. To, ai ko a Austria akwai masu yawon buɗe ido. Ya ɗauka a haka, ya ruga.

A cikin bas ya tuɓe rigar ya duba. Wallahi hoton ya yi kyau: ruwa shuɗi, duwatsu, babu dabino, babu tuta. Ya rubuta "Sanyi kamar me" a ƙasa, ya tura. Dattijon ya koma wata kujera a gaba, yana jan carbi, bai ƙara waiwayo ba.

Sun kusa shiga gari wayar ta yi ƙara. Muhsinat ce.

"Masha Allah, wuri ya yi kyau. Amma me ya kai Abbanmu Austria, shi da ya tafi Dubai sayo mini kayan ɗaki?"