Likita Ba Ya Manta Baki

Da muka jawo ƙaton kifin nan mai haƙora, shak, gefen jirgi, yayana ya soma waƙar da yake yi wa kowane baƙon da ya biya mu kuɗi muka kai shi kamun kifi: "Shekara talatin ina tekun Algarve, ban taɓa ganin dodo irin wannan ba."

Baƙon namu likitan haƙori ne daga Lisbon. Awa biyu ya yi yana kokawa da kifin, tafukansa duk sun saluɓe. Na miƙa hannu zan zare ƙugiyar mu sake shi, sai likitan ya ce in dakata. Ya sunkuya ya ƙura wa bakin ido.

"Nakan manta fuska, amma ba na manta baki," in ji shi. "Ga giɓin nan na hagu. Ai shi na kama bara. Kiwonsa kuke yi?"

Ya gano mu, don kullum da safe ni nake zuba wa kifin bokitin sadin.

Yayana ko gezau. Ya zare ƙugiyar, ya shafa bayan kifin, ya sake shi.

"Haba likita. Kai in ka samu bakin da yake dawo maka duk shekara, korarsa kake yi?"