Ma'ana ta Huɗu

Matar ta ajiye takardar a kan teburin Baba Ƙamus, tsakanin tafireta da kwalbar gam, ta ce a taimaka a karanta mata. Idonta ba ya gani sosai yau.

Shekara talatin ke nan yana wannan sana'a a ɗan shagonsa na bakin titi. Ya rubuta wa mutane koke, ya cike musu fom, ya fassara musu wasiƙun da ke zuwa da Turanci. Ya saba da irinta: dattijuwa, mayafi mai duhu, takalmi ya yi futu-futu kamar ta sha tafiya. Ya tura mata kujerar roba, ya gyara tabarau.

Takardar ta sha ninki har ta fara yagewa a tsakiya. Daga wani kamfanin jiragen ruwa take. Ɗanta bakanike ne a ɗaya daga cikin jiragensu, in ji ta, wata bakwai rabonta da shi. Shi kaɗai Allah ya ba ta.

Baba Ƙamus yakan fara karanta wasiƙa a bayyane da Turanci, don mai ita ya san ba wurin ɗan koyo ya zo ba. Ya wuce layi na farko. A na biyu sunan jirgin ya sarƙe masa harshe, leɓen matar ya ɗan motsa. A na uku muryarsa ta ɗauke.

Jirgin, in ji kamfanin, bai yi "weather" ɗin guguwar ba. Sauran duk kewaye-kewaye ne: suna tare da iyalai, za su sake tuntuɓa. Ba su rubuta mutuwa ba. Nauyin wasiƙar gaba ɗaya a kan kalma guda suka ɗora shi.

Ya san kalmar. Ba a banza ake ce masa Ƙamus ba. Amma ya kasa ɗaga kai, sai ya jawo babban ƙamus ɗinsa mai bangon da aka ɗinke da zare, ya fara buɗe shi daga tsakiya, a hankali, yana lasar yatsa.

"Can wajen ƙarshe take, Malam," in ji matar.

Ya kai ƙarshen, ya same ta. Tunda ba shi da wata mafaka, sai ya fake da bayani. Ya ce mata kalma ce mai fuska da yawa. Ma'ana ta farko, yanayin gari: zafi, sanyi, hadari, ruwa. Ita ce wadda kowa ya sani, wadda ake faɗa a rediyo bayan labarai. Ta biyu, abin da rana da ruwa suke yi wa katako ko fenti, har ya koɗe. Ya nuna mata ƙofar shagonsa misali, ya yi 'yar dariya shi kaɗai.

Ta uku ya karanta ta a zuci sau biyu. Mutum ko jirgi ya shiga guguwa ya fito da ransa. Wasiƙar kuwa cewa ta yi bai fito ba.

"Akwai ta uku," ya ce, ya tsaya.

"Babu ta huɗu?"

Ya bi shafin da yatsa har ƙasa. Babu abin da ya saura sai ƙananan baƙaƙe masu bayanin asali: tsohuwar kalma ce, tushenta ɗaya da kalmar Turanci mai nufin iska. Ya faɗa mata haka. Ta gyaɗa kai. Fanka tana juyawa a bisansu, gefen takardar yana ɗagawa yana komawa.

Ya sha faɗa wa mutane an kore su daga aiki, an ƙwace musu fili, kotu ta ƙi ƙararsu. Bai taɓa rage ko harafi ba, da wannan aka san shi. Yau ya dubi hannuwanta biyu da ta dunƙule a cinya, ya ji bakinsa yana faɗin abin da bai shirya ba.

"Hajiya, cewa suka yi jirgin bai samu yanayi mai kyau ba. Sun ɗan tsaya ne. Za su kira."

Ta dube shi. Fuskarta ta saki kaɗan, kamar ta wanda aka ba ruwa bayan doguwar tafiya.

"Maimaita mini, don Allah."

Ya maimaita. Ta lumshe ido har ya gama. Sannan ta ninke takardar a kan tsohon ninkinta, ta ce Allah ya saka masa da alheri, ta fita.

Ya zauna bai fi minti biyar ba. Gobe ko jibi kamfanin zai kira, labarin ya same ta babu shiri, kuma shi ya jawo. Ya tashi ko hula bai ɗauka ba. A titi babura da motoci sai kai-kawo suke, ya duba hagu ya duba dama, ba ita ba alamarta.

Mai kemis ɗin da ke kusa da shagonsa tana tsaye a ƙofarta, idonta jawur. Ya tambaye ta ko ta ga inda wata dattijuwa ta bi, akwai abin da bai fassara mata daidai ba.

"Kai ma ta zo wurinka, Baba?" in ji mai kemis. "Ai malamarmu ce. Shekara ashirin da biyar tana koyar da Turanci, ita ta koya mana. Tun safe take bin shaguna da takardar nan, tana neman wanda zai ce mata ba daidai ta karanta ba."