Kwana Arba'in Kafin Zaltlang

"Koma giya ta ɗaya. Ba ki ji injin na kuka ba?"

Sui Par ta sauya giya. Tsohuwar jif ɗin ta ci gaba da rarrafe a taɓo, dutse a hagu, kwazazzabo a dama. Mahaifinta, Pu Hrang Kung, shekara talatin ya yi yana tuƙi a wannan hanya ta duwatsun Chin. Yau yana gefenta, ya sauke gilashi, ya karkata kai waje.

"Kwana na zuwa, yi oda. Wa ya koya miki tuƙin nan, akuya?"

"Kai ne, Baba."

"To na yi asara."

Suka yi dariya har tari ya sarƙe shi. Likitan garin Kalay ya ce ba zai ga damina mai zuwa ba. Tun ranar yake roƙon abu ɗaya: a kai shi Zaltlang, ƙauyensu, inda aka binne matarsa. Sui Par ta yi ta kawo uzuri har uzurin ya ƙare. A ƙarshe ta ce gadar gangaren ta karye, iyakarsu ƙololuwar dutse. Ya ce ya yarda.

Bai yi kuskuren kwana ko ɗaya ba. Ya san inda ruwa ke cin gefen hanya, ya san inda motar abokinsa ta taɓa zamewa. A kwana ta arba'in ya ce, "Tsaya. Mun iso."

Ta kama hannunsa suka taka zuwa bakin dutsen. Iska mai sanyi na kaɗa bargonsa. Ya miƙa yatsa ƙasa.

"Ga coci can, mai jan kwano. Kin gan shi?"

"Na gani, Baba."

"Itacen da ke bayansa fa? Uwarki na ƙarƙashinsa."

"Ya yi girma sosai. Har fure ya yi."

Ya cire hularsa, ya daɗe yana murmushi, leɓunansa na motsi. Ita kuwa ta cusa bakin mayafinta a baki don kada ya ji kukanta.

Karo na farko cikin shekara shida, Sui Par ta gode wa Allah da ya ɗauke wa mahaifinta gani, domin inda yake nunawa babu komai sai jar ƙasar da ta zaftaro bara ta binne Zaltlang baki ɗaya.