Allura a Kan Sifiri

"Wayar nan ba tsinkewa ta yi ba, Baba," in ji 'yata, kanta a ƙarƙashin sitiyari. "Da hannu aka kwance ta."

Tun da likita ya hana ni tuƙi saboda idona, duk Lahadi sai ta zo ta duba lambobin mita. Wayar da ke motsa allurar gudu ita ke ƙirga tafiya. In ka zare ta, tsohuwar motar ta rufa maka asiri. Wata bakwai lambobin ba su gusa ba.

"Ƙila ɓera ne," na ce.

"Ɓeran ne ya kwaso yashin bakin tekun Skagen a takalminsa?"

A tekun can muka watsa tokar gawar mahaifiyarta. Duk Laraba nakan je mu gaisa.

Ta ɗaure wayar tamau, ta sumbaci goshina, ta jefa makullin motar a jakarta.

Yanzu kullum da safe nakan zauna a kujerar direba, gareji a rufe. Mita ta gyaru sarai. Allura na kan sifiri, kuma wannan karon gaskiya take faɗa.